Lambar Yabon Farfesa Rula

Allah ya yi wa garinmu baiwa iri-iri: ruwan sanyi daga dutse, tumatir mai zaƙi, da tsofaffin mata waɗanda ba su taɓa barin sirrin kowa ya kwana shi kaɗai ba. Amma duk baiwar nan ba ta kama ƙafar Gospodin Evlogi Tupanov ba, wato Malam Tupanov a yaren garinmu. Irinsa ba a yi biyu ba. Wasu ma na cewa da gangan Ubangiji ya tsaya a ɗaya, don tausayin bayinsa.

Tun yana saurayi har ya yi furfura, Gospodin Tupanov shi ne mataimakin shugaban sashen shafa farin layi a titunan gari. Kada kowa ya raina wannan muƙami. Gaskiya ne titunanmu ba su da yawa, kuma masu bin su galibi awaki ne da keken dokin mai sayar da kankana. Amma duk akuyar da ta tsallaka titi a garin nan, a kan aikin Tupanov ta tsallaka, ko ta sani ko ba ta sani ba. Shi da kansa bai taɓa riƙe burushin fenti ba, don babban mutum ba ya ɓata hannunsa. Aikinsa shi ne ya tsaya daga gefe, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ya karkace."

Da ya yi ritaya sai ya taho gida da doguwar rular ƙarfe ta ofis. Ya ce kyauta aka ba shi, ko da yake har yau ba a samu wanda ya tuna ya ba shi ba. Yana yawo da ita a hammata kamar sandar janar. Da ita yake nuna wa baƙi hanya, da ita yake daidaita gashin bakinsa, har banitsa, wainar fulawa da cuku da matarsa Velika ke gasawa, sai ya auna kafin a sa wuƙa. Daga nan 'yan zaman gidan gahawa suka raɗa masa suna Farfesa Rula. Da sunan ya zo kunnensa sai ya ɗauki rabin farko, ya bar musu na biyun.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Duk hidimar da ya yi wa ƙasa, ba a taɓa maƙala masa ko da maɓalli a ƙirji ba. Shugabansa, wanda ko layin littafi bai iya ja ba, an ba shi lambar yabo. Shi kuwa sai musafaha da kwalin cakulan. Ya yafe musu, kuma kullum yana gaya wa mutane cewa ya yafe.

Ana cikin haka, ƙarshen hunturu, gwiwar Velika ta motsa, aka rasa mai ɗauko jikarsu Zornitsa daga makarantar reno. Farfesa ya sadaukar da kansa. Ya sa kwat ɗinsa ta bikin aure, ya saɓa rula, ya tafi.

Abin da ya tarar a ajin 'yan shekara uku da huɗu bai yi fatan maƙiyinsa ya gani ba. Malama Nevyana, wata yarinya da ba ta daɗe da fitowa daga kwaleji ba, ta juye wa yara kwandon salatif na ado a tsakiyar tebur, irin na takarda ɗin nan da ake yagewa da hannu: mai ɗigo-ɗigo, mai furanni, mai hoton kyanwa, mai ƙyalli. Wai shamuwa suke yi, don bikin ɗaya ga Maris, ranar da ake sallamar hunturu ana jiran dawowar shamuwa. Salatif a takarda, salatif a tebur, salatif a hanci, wani yaro ma ya manne wa kansa gira ta uku. Ana ta ihu da dariya, Malamar kuma na durƙushe a tsakiyarsu tana cewa, "Kai, ya yi kyau!"

Zornitsa ta rugo da takardarta. "Kaka, duba shamuwata!"

Farfesa ya gyara tabarau. Tsuntsuwar shuɗiya ce, wuyanta ya yi kwana kamar tiyon ban ruwa. Ya sa bakin rula ya nuna.

"Wannan mece ce?"

"Ƙafa."

"Wannan fa?"

"Ita ma ƙafa."

"To ta ukun nan?"

"Saboda in ɗaya ta gaji."

Ran nan Farfesa bai iya cin abinci da natsuwa ba. Ya yi ta kai da komowa tsakanin murhu da taga, yana yi wa Velika jawabi.

"Mace, kin san yadda ƙasa ke rushewa? Ba da igwa ake farawa ba. Da karkataccen layi ake farawa! Yau yaro ya manna salatif a gicciye, an tafa masa. Gobe ya ajiye mota a gicciye. Jibi ya zama minista. Jinina, jinin Tupanov, da shamuwa mai ƙafa uku!"

"Evlogi," in ji Velika, "wakenka na hucewa."

Washegari ya dira a ofishin shugabar makarantar, Gospozha Pencheva, wato Uwargida Pencheva, ya ce ya zo ya ba da kansa kyauta. Baiwar Allah ta so ta ce masa sun gode, suna da isassun yara. Amma rufin makarantar na yoyo tun bara, ta rubuta wa hukuma har ta gaji, ga shi Farfesa ya ambaci Magajin Gari sau da yawa a cikin numfashi ɗaya, yana kiransa "yarona Delcho". Ya ce kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a zo da kwano sabo fil. Gospozha Pencheva ta dubi tabon ruwa a silin ɗinta, ta dubi rula, ta ce to.

Kafin mako ya zagayo ya buga kati mai ɗauke da sabon muƙaminsa: Babban Mai Ba da Shawara kan Harkokin Manne-manne.

Darasin farko ya shiga tarihi. Aka zaunar da yara a kan darduma. Farfesa ya tsaya a gabansu, hannu ɗaya a baya, ya yi gyaran murya kamar mai buɗe majalisa.

"Ya ku manyan gobe! Kafin a yi miƙaƙƙen layi, ɗan Adam a kogo yake kwana. Miƙaƙƙen layi shi ne uwar wayewa. Shi ya haifi titi, titi ya haifi kasuwanci, kasuwanci ya haifi gwamnati. Ni da kuke gani, na ba da ƙuruciyata ga layi. Ban nemi godiya ba. Ba a kuma yi mini ba."

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Farfesa ya ji daɗi, ya ba ta izini.

"Kaka, me ya sa kanka ba gashi amma kunnenka akwai?"

Ya ce za a amsa tambayoyi a ƙarshe. Sannan ya ɗauki naɗin salatif ja domin ya nuna musu yadda masana ke yi. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Bakin salatif ɗin ya ce bai san zancen ba. Farfesa ya sa farce ya zagaya, ya cire tabarau, ya mayar, ya matsa kusa da taga. Gumi ya tsatso masa a sanƙo.

"Wannan," in ji shi, "shi ake kira matakin nazari. Gaggawa aikin jahilai ce."

Da nazari ya yi tsawo sai ya kai abin baki ya gantsara. Salatif ya yage, guntunsa ya maƙale a gashin baki, yana lilo duk sanda Farfesa ya furta kalmar "tsari". Yara suka kwanta a darduma suna shure-shure don dariya. Da ya koma gida ya gaya wa Velika bai taɓa ganin ɗaliban da ilimi ya ratsa da sauri haka ba.

Daga nan dokoki suka fara sauka. Launi ɗaya a rana. Ba a mannawa sai an auna. Ba a yagewa da hannu. Salatif mai hoton kyanwa an haramta shi gaba ɗaya, don ba shi da natsuwa. Duk wanda ya gama layinsa zai kawo wa Farfesa, shi kuma ya kanne ido ɗaya ya faɗi kalmar da ya fi ƙwarewa a kanta.

Ajin ya yi tsit kamar ɗakin jiran likitan haƙori. Zornitsa, wadda a da take tashin gida tun da sassafe don ɗokin makaranta, ta fara ciwon ciki kowace safiya, ciwon da ke warkewa ranar Asabar. Malama Nevyana ta daure ta tare shi a bakin ƙofa.

"Gospodin Tupanov, don Allah, yara ne fa. Mu so muke yatsunsu su saba da kamawa da yagewa, su zaɓi abin da ransu ke so, su ji daɗi."

"Jin daɗi!" Farfesa ya dubi sama kamar mai neman shaida. "'Yata, ba laifinki ba ne, haka aka koya miki. Ni da jin daɗi na bi, da yau garin nan ba shi da wurin tsallaka titi. Ki kwantar da hankalinki ki kalla. Ba kowa ke samun irin damar da kika samu ba."

Malama ta kalla. Amma Farfesa mutum ne mai tsari, ba ya wasa da barcin rana. Da ya juya baya sai kwando ya fito daga bayan kabad, kyanwa ta dawo daga gudun hijira, shamuwoyi suka ci gaba da haihuwa: masu fukafukai huɗu, masu takalmi, har da wata mai ɗauke da motar kashe gobara a baki. Malama ta jera su a bangon babban zaure, inda za a yi biki.

Ana gobe biki Farfesa ya shiga zauren ya gani. Bai yi faɗa ba, don manya ba sa faɗa. Ya dai ba da umarni a kwashe su duka a kai lungun da ke bi zuwa bayan gida, "inda ido ba zai wahala ba". A gurbinsu ya rataye aikin da ya kwashe kwanaki yana yi a teburin cin abinci, har iyalinsa suka koma ci a tsaye. Allo ne ƙato, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Layi ja, layi fari, layi ja, layi fari, kowanne a miƙe kamar sojan fareti. A ƙasa ya rubuta: Shamuwa.

Gospozha Pencheva ta daɗe tana kallo. "Gospodin Tupanov, ina shamuwar?"

"Tana cikin tunani, Gospozha. Mai ido zai gan ta."

Ita dai abin da ta gani wurin tsallaka titi ne. Amma ta tuna rufinta, ta gyaɗa kai.

Ranar biki zaure ya cika maƙil. Iyaye, kakanni, ƙannen uwa, kowa da zare ja da fari a wuyan hannu bisa al'adar ranar, ana ta ɗaura wa juna ana fatan lafiya. Magajin Gari ya iso, ya sha zare har gwiwar hannu. Farfesa ya tare shi da hannu biyu a buɗe, yana cewa, "Delcho, yarona!" Magajin Gari ya yi murmushi, ya girgiza masa hannu da ƙarfi, ya ce, "A'a, Gospodin Petkov! Yaya kantin magani?" Farfesa ya bayyana wa na kusa da shi cewa wani tsohon wasa ne tsakaninsu.

An jera banitsa da tulunan boza, kunun nan namu mai ɗan tsami, a gefe. Da yake jawabi na buƙatar maƙogwaro mai laushi, Farfesa ya shanye kofi, ya ƙara, ya kuma ƙara don kada na farkon su yi kaɗaici. Sannan ya hau mumbari, ya daki allonsa da rula, ya lumshe ido. Haka yake yi in zai faɗi magana mai nauyi, don kada fuskokin talakawa su raba masa hankali.

"Mai girma Magajin Gari, 'yan'uwana mutanen gari! Abin da ke bayana ba salatif ba ne. Wasiyya ce. Na tarar da yaran nan cikin duhu, suna manne-manne kamar yadda iska ta ga dama. Na kama hannunsu. Ban ce ni ne haske ba, wannan sai tarihi ya faɗa..."

Daga baya wata tsohuwa mai kurman kunne ta tambayi maƙwabciyarta, da muryar da ta ɗauka raɗa ce, "Wai ina na jikana? Ni don shi na sa haƙorana na fito."

Jikan ya ja ta da hannu, suka fice. Wata yarinya ta ja babanta. Wani ya ja kakansa da sandarsa. Sai ga autar Magajin Gari ta kama masa gefen kwat, kuma duk garin nan an san wanda ke mulkin Magajin Gari. Kujeru suka yi ta yin sauƙi ɗaya bayan ɗaya, Farfesa kuwa ido a rufe, ya baro zamanin Rumawa yana gangarowa a hankali.

Can lungun bayan gida kuwa biki ya kankama. Kakanni na ta guɗa da shewa, kowace na rantsuwa shamuwar jikanta ta fi. An ɗauki Zornitsa hoto da mai ƙafa ukunta, tana ta bayanin wace ƙafa ce ke hutu yau. Nan ne kuma yoyon ya fi tsanani, ga ƙanƙarar kan rufi ta fara narkewa. Magajin Gari na sunkuye yana yaba motar kashe gobara, sai ɗigon ruwa mai sanyi ya sauka masa a ƙeya, ya gangara cikin riga. Ya ɗaga kai, na biyu ya same shi a ido. Tsofaffin mata suka kewaye shi, suna kallonsa kawai. Bai fita daga da'irar nan ba sai da ya yi alkawarin sabon rufi kafin shamuwar gaske ta iso, da babbar murya, a gaban shaidun da ba sa mantuwa.

Farfesa ya kai ƙarshen jawabinsa, ya buɗe hannuwa, ya buɗe ido don karɓar tafi. Ya tarar da Velika tana saƙa, da wani tsoho yana minshari a layin baya.

Bai samu damar yin fushi ba, don daidai lokacin boza ta aiko masa da sammaci. Ya sauko da mutunci, ya bi lungu da mutunci, ya ratsa taron da ɗan sauri fiye da yadda mutunci ya yarda, ya shige ƙofar farko da ya samu. Bayan gidan yara ne, komai a gajarce, amma larura ba ta auna tsawo.

Da ya fito, yana gyara kwat, sai ya ga wata 'yar ficiciyar yarinya mai suna Bilyana ta tsaya masa a gaba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, da idon mai bincike.

"Kaka, kai kaɗai ka yi?"

Zuciyar Farfesa ta narke. Ashe a cikin wannan taron makafi akwai rai ɗaya da ya ga allonsa! Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni kaɗai, 'yata. Daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya kama mini."

Bilyana ta ruga aji, ta dawo da tauraro ruwan ɗorawa, na salatif mai ƙyalli. Ta ce ya sunkuyo. Ya sunkuya. Ta manna masa a ƙirji, ta danna da tafin hannu don ya zauna sosai.

Sai tafi ya ɓarke, irin wanda ba a taɓa yi wa kowa a garin nan ba. Magajin Gari ya jingina da bango yana share hawaye. Wata kaka sai da aka ba ta kujera. Malama Nevyana ta yi ja har kunne, ta buɗe baki za ta yi magana, Velika ta dafa mata hannu.

"Ƙyale shi, 'yata. Ya daɗe yana jira."

Farfesa ya rusuna dama, ya rusuna hagu. Ya ce bai cancanta ba, da muryar wanda ya san ya cancanta.

Tun daga ranar tauraro bai bar ƙirjinsa ba. Da shi yake zuwa gidan waya, da shi yake zuwa aski. Gari kuwa ya nuna halin girma. Duk inda ya bi sai ka ji, "Barka da ƙoƙari, Farfesa!" "A dai ci gaba da haka!" Mai sayar da kifi ya ce masa a shekarunsa ba kowa ke iyawa ba, Farfesa ya amsa da cewa horo ne tun daga ƙuruciya. A gidan gahawa ya bayyana musu cewa lambar da ta fito daga hannun yaro ta fi ta gwamnati, don yaro ba ya karɓar cin hanci. Maganar rufi kuma, ai dabara ce: da gangan ya tura Delcho lungun. 'Yan zaman suka ce sun yarda, kowa fuskarsa a cikin kofi. Shawara kuwa ya dakatar da bayarwa, don wanda ya kai ƙololuwa ba ya komawa aji. Ciwon cikin Zornitsa ya warke sarai.

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, layin gidan burodi ya kai har waje, rabin gari na ciki. Farfesa na tsaye a tsakiya, ya buɗe kwat kaɗan don tauraro ya sha iska. A gabansa wata mata ce, baƙuwa a unguwar, ɗauke da ɗanta a kafaɗa. Yaron ya ƙura wa ƙirjin Farfesa ido. Fuskarsa ta washe.

"Mama! Mama, duba! Kakan nan ma ya daina yi a wando!"

Ya buɗe 'yar rigarsa da alfahari. Ga shi nan, ruwan ɗorawa, mai ƙyalli, ko kusurwa ɗaya ba ta bambanta ba.

Mai burodi ya tsaya da burodi a hannu. Yaron ya ga tsohon ya daskare, sai tausayi ya kama shi. Ya miƙo ɗan hannunsa ya shafa masa kafaɗa.

"Kada ka damu, Kaka. In ka daina na dare ma, za a ba ka ja."